MA'AIKACI DA GININ GIDANSA: INA HANNUNSA ZAI KAI, INA ZAI TSAYA?

Duk wanda ya fita bayan gari da hantsin ranar Asabar, ko a Kano ne ta wajen Ɗanbare, ko a Kaduna ta wajen Rigacikun, ko a gefen Sakkwato da Bauci da Gusau, abu guda zai tarar. Gine-gine ne birjik waɗanda suka kai linta suka tsaya, wasu ciyawa ta fito a tsakar ɗakunansu, wasu an rufa ɗaki ɗaya an bar saura ga rana da ruwan sama. A gindin ɗaya daga cikinsu kuwa ba a rasa wani magidanci sanye da tsohuwar taguwa, ya naɗe ƙafar wando, tiyo a hannu, yana ba bulo ruwa. Ran Litinin wannan mutum akawu ne a Ma'aikatar Kuɗi, ko malamin makarantar sakandare, ko jami'in gona a ƙaramar hukuma. Ran Asabar kuwa shi ne ɗan kwangila, shi ne mai sayen kaya, shi ne mai duba aiki, wani lokaci ma shi ne lebura.

Ba nishaɗi ya fito da shi ba. A Turai da Amurka akwai masu gyaran gida da hannunsu don sha'awa, suna kashe hutun mako wajen gogar katako da shafa fenti. A nan kuwa tilas ce. Tun daga 2003, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta mai da alawus ɗin gida da na mota kuɗi a cikin albashi, ta kuma shiga sayar da gidajenta, zancen a ba ma'aikaci kwatas ya zauna har ya bar aiki ya zama tarihi ga yawancin mutane. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga ciki da ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekaru har 30. Amma kafin a ba mutum sai ya kawo takardun fili cikakku, waɗanda akasarin masu fuloti a bayan gari ba su da su, ga kuma jama'a da yawa da ke ƙyamar rance mai ruwa saboda addini. Saboda haka abin da ya rage shi ne albashi, da adashi, da ƙungiyar gama kai ta ofis, da ɗan abin da gona ta bayar da kaka. Da su ake sayen bulo ɗari yau, tipar yashi bayan wata biyu, har a yi shekara bakwai ko goma ana abu ɗaya. Fargabar da ke bayan wannan duka kowane ma'aikaci ya san ta, watau ranar da za a miƙa masa takardar barin aiki yana gidan haya, fansho bai fara fitowa ba, mai gida kuma ya aiko a ƙara kuɗi.

Mutumin da ke cikin wannan hali dole ya nemi sauƙi, kuma hanyar da ta fi kusa ita ce ya yi wasu ayyukan da kansa. Wannan daidai ne. Inda ake samun kuskure shi ne wajen zaɓen aikin, domin sau da yawa yakan bar wa wasu abin da shi ya kamata ya tsaya a kai, sa'an nan ya sa hannu a cikin abin da zai iya kashe iyalinsa.

GADON TUBALI

Gina gida da hannun kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da kaka ta wuce, ruwa ya ɗauke, magidanci da 'ya'yansa da maƙwabta sukan haƙo ƙasa, su kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, su bar ta kwanaki tana tsimuwa, sa'an nan su cura tubali su shanya. Katanga da ɗakin kwana da rumbu duk aikin gida ne ko na gayya. Kafin damina a yi yaɓe, a shafe da makuba, a duba indararo. Kowane yaro ya tashi da sanin abin da zai faru da soro idan indararo ya toshe.

Amma ko a wancan zamani an san iyaka. Azarar giginya, duk da ƙwarinta da gagarar da take yi wa gara, ba a cika ɗora mata rufin ƙasa a kan faɗin da ya wuce mita biyu ba. Idan ana son zaure mai faɗi sai a nemo magini, wanda ya san yadda ake tayar da bakan gizo a yi ɗaurin guga. Sana'a ce ta gado, mai Sarkin Magina, kuma ba a yi mata shigar sauri. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da masallacin Yama a ƙasar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, aikin irin waɗannan gwanaye ne.

Siminti ne ya rikita wannan rabon aiki. An buɗe masana'antar siminti ta farko a Nkalagu a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 suka sa kowa ya ɗaga ido. A wannan lokaci ne aka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni, har siminti ya daskare a cikin wasunsu. Daga nan gidan ƙasa ya zama alamar talauci, bulo da kwano suka zama alamar ci gaba, ko da yake kowa ya san wane ɗaki ya fi daɗin kwana a watan Afrilu. Abin da aka yi hasara a wannan canji shi ne sani. Wanda ya tashi cikin tubali yana gane ƙasa mai kyau da zarar ya damƙa ta. Jikansa mai digiri ba ya iya bambanta bulo mai ƙwari da yashin da aka shafa wa launin siminti.

TAKARDA KAFIN BULO

Aikin farko ba na hannu ba ne, na ƙafa ne, kuma ma'aikaci ya fi kowa sanin hanyarsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta ran 29 ga Maris, 1978, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, kuma sai da amincewarsa ake sayar da irin wannan fili ko a jinginar da shi. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta hana rusau idan fulotin ya faɗa a kan hanya, ko filin makaranta, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Tafiya guda zuwa ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko takwarorinsu a sauran jihohi, da kai zanen gida ga hukumar tsara birane ta amince, sun fi arha a kan bulo dubu uku da katafila za ta kwashe.

Sa'an nan a je a ga fulotin a watan Agusta, ba a watan Maris ba. Fili mai ban sha'awa da rani yana iya zama hanyar ruwa da damina. A tsofaffin birane akwai kududdufai da aka cike da shara aka yanka aka sayar, ƙasarsu kuwa tana ci gaba da zaunawa shekara da shekaru. A wasu sassan Arewa maso Gabas akwai baƙar ƙasa mai yumɓu wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana tsaga bango daga harsashi har linta. Irin waɗannan wurare ba a haƙa musu harsashi da ka, sai injiniya ya gani.

LISSAFIN BULO

A nan ne hannun mai gida da idonsa suka fi amfani, kuma a nan ne ya fi yin sakaci. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu. Awon da masana ke bayarwa na buga bulo shi ne kashi ɗaya na siminti da kashi shida zuwa takwas na yashi, watau kwanon sarki 12 zuwa 16 ga kowane buhu. Wannan awo yana fitar da bulo mai inci tara kimanin 20 zuwa 25. A kasuwa kuwa ba abin mamaki ba ne a fitar da 40 ko fiye daga buhu guda, kuma binciken da malaman jami'o'in ƙasar nan suka sha yi a garuruwa dabam-dabam ya nuna yawancin bulon kasuwa bai kai ƙwarin da hukumar kula da ingancin kaya ta tsara ba.

Bari a yi lissafin yadda akawu zai gane. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo goma. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, tsayinsa mita uku, idan aka cire ƙofa da taga, zai ci bulo kusan 400, ban da na harsashi. A kan 25 ga buhu, buhu 16 ke nan. A kan 45 ga buhu, buhu tara. Bambancin buhu bakwai ne a ɗaki guda. Ba wanda zai raina buhu bakwai, musamman tun da a farkon 2024 farashin buhu ya haura Naira dubu goma a wurare da yawa. Amma wanda ya tsira da waɗannan buhuna bakwai zai mayar da su wajen filasta, domin bulo mai rauni bakinsa yana zubewa, sai an cika shi da kwaɓi, kuma zai sake mayar da su ranar da ya kafa ƙusa don rataya tagar ƙarfe ta fito da rabin bulo a jikinta. Arha ba ta ado.

Mafita ita ce mutum ya sayi siminti da yashinsa, ya kira masu bugawa su zo fulotinsa, ya zauna a kan kujera ya ƙirga kwanon sarki da bakinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Yashi ma a gwada shi, gwajin kuwa yaron firamare zai iya. A zuba yashi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. Idan kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, ta yi yawa, domin laka tana hana siminti kama ƙwayar yashi. Siminti kuma ba hatsi ba ne da za a saya a ɓoye. Wanda ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya soma raguwa, wanda ya yi ƙulalai masu tauri kuwa ya riga ya sha raɓa. Mai tara kayan gini a hankali gara ya tara rodi da kwano da bulon da aka riga aka buga.

Sai ban ruwa. Mutane da yawa suna tsammani siminti bushewa yake yi. Ba haka ba ne. Haɗuwarsa da ruwa ce ke sa ya yi tauri, kuma wannan haɗuwa tana ci gaba kwanaki. Kankare yana samun kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana bakwai, a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfinsa. Idan ruwan ya ƙafe a rana ta biyu, aikin ya tsaya a nan. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da wanki cikin sa'a guda, bulon da aka buga aka bari a fili ya lalace tun bai hau bango ba. A ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko ciyawa. Wannan aiki ba ya buƙatar gwaninta, kuma shi ne wanda lebura ya fi saurin yin ƙarya a kansa, saboda haka mutumin nan mai tiyo da aka ambata da farko yana kan hanya.

Akwai wasu dabaru biyu da za su sa birkila ya san mai gida ba baƙo ba ne. Ta farko ita ce awon kusurwa: a auna ƙafa uku a jikin igiya ɗaya, ƙafa huɗu a jikin ɗayar, tsakanin alamomin biyu dole ya zama ƙafa biyar cif, in ba haka ba ɗakin ya karkace, kuma mai shimfiɗa tayil ne zai tona asirin bayan shekara biyar. Ta biyu ita ce siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa, domin ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake, da shi ake daidaita tsayin gini daga wannan kusurwa zuwa waccan. Daɓen gida kuma ya ɗara titi da aƙalla bulo biyu, a tuna cewa ranar da za a zuba wa titin kwalta za a ƙara masa tudu. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe, a matakin da magina ke kira difisi. Gidajen da fentinsu ke ɓarewa daga ƙasa, farin gishiri yana fitowa a gindin bango, wannan leda ce suka rasa, kuma ba fentin da ke maganin abin.

INDA ZAI JANYE HANNU

Dekin bene mai kaurin santimita 15 yana da nauyin kilo 360 a kowane murabba'in mita. A ɗakin nan mai ƙafa 12, kusan tan biyar ke nan a saman kawunan masu barci, tun ba a ɗora bango da kaya da mutane ba. Kaurin rodi, da tazarar da ke tsakaninsu, da inda za a lanƙwasa su, da girman ginshiƙan da za su ɗauki wannan nauyi, lissafi ne da injiniya mai rajista da COREN ke yi ya sa hannu. Birkila, kome daɗewarsa a sana'a, abin da ya gani an yi a wani gini yake maimaitawa, alhali faɗin ɗakin ba ɗaya ba ne.

Mafi haɗari shi ne abin da ake yawan yi a unguwanni, watau gidan da aka gina da nufin ƙasa kawai, da bulon kasuwa da harsashi mara zurfi, bayan shekara goma iyali sun yi yawa sai a yaye kwano a ɗora bene. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ran 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutane fiye da 40, hukuma ta ce an zarce yawan hawan da aka amince da shi. Ran 12 ga Yuli, 2024, benen wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, mutane 22 suka rasu. Waɗannan manyan gine-gine ne da duniya ta ji labarinsu. Ƙananan benaye da ke faɗuwa a lunguna da damina ba su cika shiga jarida ba.

Abin da mai gida zai yi a nan shi ne ya biya injiniya, sa'an nan ya tsare abin da injiniyan ya rubuta. Ya ƙirga rodi kafin a zuba kankare, domin bayan an zuba ba mai iya ƙirgawa. Ya ga cewa an ɗaga rodin da 'yan duwatsun siminti bai kwanta a kan katako ba. Ya tsaya a kan awo, wanda ga ƙananan gidaje yawanci buhu ɗaya ne, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Ya hana leburori tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi musu sauƙin ɗauka. Ya kuma ƙi yarda a cire katakon da ke tallafe da dekin kafin mako uku, ko da kafinta ya ce yana da wani aikin da zai kai shi.

RUWA MAI SHIGA DA MAI FITA

Aikin famfo ya fi kowane aiki dacewa da hannun mai gida, muddin ya fahimci cewa ruwa nauyi yake bi. Tsayin mita goma ne ke ba da ƙarfin da masana ke kira ba ɗaya. Tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai mita uku, shawa kuma tana mita biyu daga ƙasa, tazarar mita ɗaya kawai ya bari, shi ya sa ruwan ke zuba kamar hawaye. Canja kan shawa ba zai yi magani ba. Ko dai a ɗaga tanki, ko a sauko da ruwan ta bututu mai faɗin inci ɗaya, sai an kusa famfo a rage shi zuwa rabin inci, a kuma rage yawan gwiwoyi, domin kowace gwiwa tana cin nata rabon. Amma mai ɗaga tanki ya tuna lita dubu tan guda ce. Tanki mai lita dubu biyu a kan siririn ƙarfen da mai walda ya haɗa da ido, a tsakar gidan da yara ke wasa, ba abin wasa ba ne.

Bututun roba na PVC ya sauƙaƙa aiki ƙwarai. A yanka shi daidai, a kankare bakin, a goge ƙura, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura a ɗan murɗa a riƙe. Rana tana sa ya yi gautsi, saboda haka a binne shi ko a shafa masa fenti, kuma ba ya jure ruwan zafi. Na ruwan zafi shi ne PPR, wanda ake narka bakinsa da ƙaramin inji a haɗe, amma wanda ya daɗe da shi a wuta zai narke ya toshe hanyar ta ciki ba tare da an gani ba. A sa makulli a gindin tanki, a sa wani a ƙofar kowane banɗaki, don kada gyaran famfo ɗaya ya hana gida duka ruwa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 20 a rana, watau jarka guda ta ɗan garuwa, alhali abin da ya lalace a ciki 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin jarkar mako guda ba.

Ruwa mai fita ya fi wuya, kuma shi ne ke shafar maƙwabta. Bututun masai mai inci huɗu yana son gangara ta kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita. A kowace kwana a gina ƙaramar camba mai murfi, don ranar da zai toshe a sami wurin zura sanda. Lanƙwasar nan da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu ba ado ba ce, ruwan da ke kwance a cikinta shi ke tare wari da kyankyasai. A kuma fitar da bututun iska ya zarce rufi.

Babbar matsala ita ce tsakanin sokawe da rijiya. Shawarar masana kiwon lafiya ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da wurin ɗibar ruwan sha, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. Ga shi kuwa cikakken fuloti, mai ƙafa 50 da 100, tsawonsa duka mita 30 ne, balle a unguwannin awon igiya inda ake raba fuloti uku ko huɗu. Mutum zai nisanta sokawensa da rijiyarsa, ashe ya kai shi jikin rijiyar maƙwabci. Ba yadda za a yi gida ɗaya ya warware wannan shi kaɗai. Sai masu layi sun zauna tun kafin haƙa, su yarda ramuka su bi gefe guda, rijiyoyi su bi ɗaya gefen, a ɗaure bakin rijiya da siminti a yi mata murfi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa, kuma gurɓataccen ruwan sha shi ne babbar hanyarta.

Abu ɗaya kuma ba a yin sa ko da wasa, shi ne shiga cikin sokawe ko tsohuwar rijiya. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum kafin ya yi ihu. Labarin da ma'aikatan kashe gobara suka sha bayarwa iri ɗaya ne: ɗaya ya shiga ciro waya ko guga, na biyu ya bi shi don ceto, na uku ya bi na biyu.

INJI BA YA SANIN MAI SHI

Shekara arba'in da suka wuce injin huda bango da giranda kayan kamfani ne. Yanzu ana samun su a kowace babbar kasuwa, sababbi da na hannu, har da masu batir. Wayar hannu kuma ta cika da majigin masu koyar da gyaran gida. Akwai amfani a ciki, amma mai kallo ya lura cewa yawancin masu koyarwar daga Amurka gidajensu na katako ne, bangonsu allo ne, lantarkinsu kuma bolt 120 ne, na nan kuwa 230. Abin da ya dace da bangonsu ba lalle ya dace da bulo ba.

Giranda ta fi kowane inji raunata mutane. Ƙarama mai faifan inci huɗu da rabi tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, babba mai inci tara wajen sau 6,500. Kowane faifai an rubuta a jikinsa iyakar gudun da zai jure, na yankan ƙarfe har da ranar da zai daina aiki. Wanda ya cire murfin ƙaramar giranda don ya ɗaura mata babban faifai ya sa faifan yana gudun da ya kusa ninka abin da aka yi shi dominsa, idan ya tarwatse kuwa fuska da wuya yake nufa. Ɗaura mata faifan zarto mai haƙora don yanka katako ya fi wannan muni, domin da haƙori ya kama sai injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Tufafi ma abin dubawa ne. Babbar riga, da hannun kaftani mai faɗi, da jelar rawani, duk abincin inji ne. A sa tabarau na aiki, a cire filogi kafin a canja faifai, a jiƙa bulo ko tayil kafin a yanka, domin ƙurarsa tana taruwa a huhu ba ta fita. Tsohon rufi da silin na asbestos kuwa kada a yanka shi da inji ko kaɗan.

Kafin a huda bango a dubi soket da makunni. Waya tana tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe daga inda suke, saboda haka a kauce wa waɗannan layuka. Babbar giranda tana cin wat 2,000 ko fiye, ƙaramin janareta mai wat 900 ba zai ɗauke ta ba, sai dai a ƙona ɗaya daga cikinsu. Janareta kuma ba a kunna shi cikin ginin da aka rufe don tsoron ɓarayi, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. Jan wayar gida, da haɗa akwatin fis, da binne ƙarfen as, da makunnin da ke raba wutar janareta da ta gari, aikin mai lasisi ne. Na mai gida shi ne ya sayo wayar da kansa, ya duba cewa jan ƙarfe ce har ciki ba fenti ba, mai kauri 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, wadda ta fi haka ga na'urar sanyaya ɗaki da ta dafa ruwa.

Ɗalibai suna da rabo a wannan magana. Lokacin da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin koyon fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, amma a makarantu da yawa suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai. Waɗanda suka yi makaranta a wancan lokaci su ne yau ke kiran mai gyara don a canja musu robar famfo. Ɗalibin da ya kashe dogon hutu guda yana bin birkila ko mai aikin famfo a ginin mahaifinsa, ko ba a biya shi ba, zai fita da abin da zai rage masa kuɗi ranar da nasa ginin ya zo.

Wanda ginin nasa ya kai matakin filasta, akwai aikin yini guda da ya rage masa kafin birkila ya ɗauki cokali. Ya cika tanki, ya toshe bakin kowane bututu, ya buɗe makulli, ya bar ruwa ya kwana a ciki, da safe ya bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. Sa'an nan ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa, tef ɗin awo a miƙe a jikin bututu da hanyar waya, ya rubuta sunan ɗakin, ya wanke hotunan a takarda ya ajiye su a cikin jakar da takardun fili suke.